Wayar da Aka Yi wa Faci

Ranar Talata ce, hadari ya haɗo tun da sassafe ya tsaya cak a sama, bai zubar ba bai kuma wuce ba. Iska ta ɗauke ɗif, mutum na zaune gumi na bin bayansa. Baba Faci ya gama jera tsofaffin tayoyi a bakin titi, alamar ya buɗe ke nan, yana cikin zuba ruwa a rabin durom ɗin da yake gwada tif ɗin taya a ciki, sai ga 'yarsa ta sauko daga motar haya, jakar makaranta a kafaɗa, kwali a hannu.

Duk layin Malama suke ce mata, don koyarwa take yi a firamare. Shi kaɗai ke kiranta Mamana.

"Baba, ina kwana? Ka sha maganin?"

"Lafiya lau, Mamana. Gaisuwar ko zama ba ta yi ba har an hau tuhuma?"

"Ka sha?"

"Na sha."

Ta dube shi ido cikin ido. Ya sa hannu a aljihu ya ɓallo ƙwayar, ya jefa a baki ya kora da ruwa. "To, yanzu na sha."

Ba a banza take matsa masa ba. Hawan jini gare shi, kuma shi kaɗai yake kwana a ɗan ɗakin da ke bayan rumfar tun rasuwar mahaifiyarta. Ga shi waya ba ta yin rai a hannunsa. Ɗaya ta sulale daga aljihu ta faɗa durom. Ɗaya jak ɗin ɗaga mota ya sauka a kanta. Wata kuwa ya manta ta kusa da murhun da yake gasa faci, ta lanƙwashe kamar busasshen ganye. A satin da ya wuce jiri ya kwashe shi ya zube tsakanin tayoyi, Malama ta yi ta kira waya a mace, sai maƙwabcinsa mai walda ne ya tsince shi.

Ta buɗe kwalin ta fito da sabuwar. Baƙa ce, mai kauri, kusurwoyinta duk roba, bayanta da sukurori kamar murfin inji.

"Wannan waya ce ko bulo?"

"Irin ta masu aikin ƙarfi ce. Ba ta jin ruwa, ba ta jin faɗuwa. A gabana mai shagon ya buga ta da ƙasa ya ɗauka, ko gezau." Ta sa masa layinsa, ta ƙure ƙarar, ta kira daga tata wayar. Abin ya ɗauki kuka har kajin bayan rumfa suka watse.

Sai ta gyara tsayuwa, ya san magana ta zo.

"Baba, ɗaki na nan a gidana na gyara maka, surukinka har fanka ya sa. Ba zan ɗauke ka da ƙarfi ba. Amma kullum in an fita hutun rana zan kira ka. Ranar da na kira ba ka ɗauka ba, ba sauran a ce waya ce ta lalace. Ka rufe rumfar nan ka dawo wurina. Mun yi?"

Ya dubi rumfar. Tun titin nan ba kwalta yake buga iska a wurin. Ya san gidanta, gida ne mai daɗi, ga jikoki ga talabijin. Amma mutum ba aiki, ai taya ce ba iska.

"Mun yi," ya ce.

"Kar kuma ka kira ni ina aji. Ni zan kira."

Tana tafiya mai walda ya leƙo, tabarau a goshi. Tartsatsi ake ce masa. Furfura ta fara fito masa a gemu, amma har yanzu Baba Faci yaro yake kiransa.

"Tsoho, me ke kuka haka kamar an taka wutsiyar kyanwa? Au! An kawo wata marainiyar ke nan? Allah ya jiƙanta tun da ranta."

"Rufe min baki, yaro. Wannan an ce ba ta mutuwa."

"Wa ya ce?"

"Mai shago."

"Mai shago!" Tartsatsi ya kwashe da dariya. "Ka taɓa jin mai shago ya ce kayansa na mutuwa?"

Nan ya taɓo inda ke yi wa Baba Faci ƙaiƙayi. Shi fa tunda yake bai taɓa mayar da tif cikin taya bai gwada shi ba, ko da sabo ne fil daga kamfani. Yanzu ga rumfarsa, da ɗakinsa, da duk zamansa a wurin an rataya su a wuyan abin da bai san jimirinsa ba, sai dai an ce. In za ta ci amanarsa gara ta ci yau a gabansa, a mayar wa mai shago, da ta ci ranar da Mamana ke kira.

"Sai an gwada akan san na ƙwarai," ya ce. "Janyo bencin nan."

Da farko daga ƙirji ya sake ta a kan siminti. Ta yi tsalle ta kife. Ya ɗauka, gilashi lafiya lau. Tartsatsi ya hau benci ya ɗaga hannu har yana taɓa kwanon rumfa, ya sake ta. Ƙarar da ta yi sai da Baba Faci ya runtse ido. Suka duba, sai ɗan farin gurbi a robar kusurwa.

"Kai! 'Yar banzar nan da taurin kai take," in ji Tartsatsi. "Ta yi gadon mai ita."

Ana haka wani direban ƙaramar mota ya tsaya shan iska. Baba Faci ya cika masa tayoyi, sannan ya ajiye wayar a ƙasa gaban tayar baya.

"Direba, ɗan taka min wannan."

"Baba, lafiya kuwa? Waya ce fa."

"Na san waya ce. Taka a hankali."

"Ba ruwana in ta fashe."

"Ba ruwanka."

Taya ta hau ta sauka. Baba Faci ya tsugunna ya ɗauko ta, ya hure ƙasar, ya danna gefe. Ta kawo haske, ga hoton jikokinsa da Malama ta sa suna washe baki. Direba ya girgiza kai ya ja motarsa yana waiwaye.

Zuciyar Baba Faci ta fara kwanciya, amma da saura. Faɗuwa da danniya wasan yara ne. A wurinsa alƙali ɗaya ne, shi ne rabin durom ɗin nan. Mai mota na iya rantsuwa tayarsa lafiya take, ido na iya dubawa bai ga komai ba, amma ruwa ba ya ƙarya. In akwai huda, komai ƙanƙantarta, sai ta yi kumfa.

Ya naɗe hannun riga, ya riƙe wayar da hannu biyu yadda yake riƙe tif, ya nutsa ta a hankali. Ya juya ta. Ya kafa ido.

Sai ga su. Ƙananan kumfa, ɓul, ɓul, ɓul, a jere suna tasowa daga wasu 'yan ramuka a gindin wayar. Ya juyo kanta, nan ma ga guda biyu sun fito daga wata siririyar tsaga.

Ya ɗago ya dubi Tartsatsi. "Ka gani ko? Tana yoyo."

Tartsatsi ya matso ya sunkuya kan durom ɗin. "Ina? Anya, tsoho, ba nan ne wajen da murya ke..."

Bai ƙarasa ba, tasa wayar ta zame daga aljihun ƙirji, tsulum, ta nutse har ƙasa.

"Wayyo! Na shiga uku!"

Ya zurma hannu har kafaɗa ya lalubo ta cikin baƙin ruwan. Ya girgiza, ya hura, ya danna. Shiru.

"Allah ya jiƙanta," in ji Baba Faci. "Ashe gawar a aljihunka take kana yi wa wasu ta'aziyya."

Tartsatsi ya miƙe da ita a hannu. Ya ruga shagonsa ya cire batir ya shanya a kan injin walda, yana ta ƙunƙuni. Maganar da ya fara ta bi ruwa tare da wayar.

Baba Faci ya zauna kan taya da tasa a cinya. Tana aiki, gaskiya ne, amma ai tif mai huda ma yakan kai mota kasuwa kafin ya sace. Ya yi tunanin ya mayar wa mai shago, sai ya tuna bai san shagon ba, kuma in Mamana ta ji ya jefa sabuwar waya ƙarƙashin mota, maganar ba za ta yi daɗi ba. To, mene ne abin wahala? Huda ce. Huda kuwa sana'arsa ce.

Ya goge ta da tsumma ta bushe. Ya ɗauko alli ya zagaye duk inda ya ga kumfa, har da wani ɗan rami guda kamar tsinin allura da ya hango a gefe. Ya yago sanfefa ya goga a wuraren, don faci ba ya kama wuri mai santsi. Ya lakato gam da ɗan yatsa ya shafa, ya cusa sosai cikin ramukan, ya hura, ya jira ya yi danƙo. Sannan ya yanko jar roba da almakashi, 'yan ƙanana daidai wurin, ya manna, ya bi su da ƙaramar guduma a hankali kamar mai lallashin jariri. Da ya zo ramin caji ya tarar da murfin roba a kai, ya gyaɗa kai. "Nan dai sun yi hankali."

Da gam ya kama ya sake nutsa ta. Ya juya dama, ya juya hagu. Ya jira. Ko kumfa ɗaya.

"Yaro! Zo ka ga aiki!"

"Ƙyale ni, tsoho, ina zaman makoki."

Ya so a kira shi ya ji kukanta, amma wayar da za ta kira tana shanye a kan injin walda. Bai damu ba. Ai da safe ya ji muryarta, ko kurma ya ji. Ya yanko tsohon tif ya ɗinka mata jaka, ya zura ta ciki, ya rataye a ƙusar da ke jikin ginshiƙin rumfa, daidai kunnensa.

Wajen tsakar rana hadarin ya gaji da riƙo. Iska ta taso ta kwashi ledoji, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwanon rumfa ya ɗauki ƙara. A cikin ruwan wata motar kaya ta lallaɓo da tayoyi biyu a sace, direban ya roƙi arziki, Baba Faci ya tada injin iska ya hau aiki. Tsakanin bugun ƙarfe da ƙarfe yakan ɗan karkata kunne wajen ginshiƙi. Shiru. Ya gama tayar, ya kama ta biyu.

"Yau Mamana ce ta manta," ya faɗa wa kansa yana murmushi. Har ya shirya tsiyar da zai yi mata. Mai doka ta karya doka.

Motar kayan ta tafi, ruwa ya ɗan tsagaita. Yana tsugunne bakin durom yana juya wani tif, sai ya ji kamar an tsaya a kansa. Ya ɗaga kai.

Malama ce. Ta jiƙe sharkaf, mayafi ya manne mata a kai, taɓo har gwiwa. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya ba komai. Haki take yi. Ta dube shi daga hula har silifa, ta leƙa bayan tayoyin inda ya faɗi wancan satin, ta sake dubansa. Sai ta zauna daɓas a kan taya ta rufe fuska.

"Mamana! Me ya faru? Yaran ne?"

"Kana nan," ta ce cikin tafin hannu. "Kana nan lafiyarka ƙalau kana wasa da ruwa."

"To ina zan je?"

"Na kira, na kira, na kira, Baba. Na kira Tartsatsi, a kashe. Na bar yara a aji na fito, ba mota ba babur, da ƙafa na zo. Kwata ta cinye min takalmi ban ko tsaya ba. Duk hanya ina cewa Allah ka sa in same shi da numfashi."

"Wallahi ba ta yi kuka ba. Ga ta nan a kunnena tun ɗazu."

Ya ciro jakar ya zaro wayar ya miƙa mata da sauri, kamar mai kawo shaida. Ta danna. Ga kiranta nan jere, sun cika gilashin. Ta juya wayar, ta ga jajayen faci sama da ƙasa da gefe, da sauran zanen alli.

"Baba, mene ne wannan?"

"Yoyo take yi. Na gwada ta a durom, na ga kumfa, na toshe. Mai shagon nan cutarki ya yi, Mamana, huda ta fi biyar. Amma yanzu ko a teku..."

Ta ciro tata wayar daga leda ta kira. Wayar da ke hannunta ta kawo haske. Suka kasa kunne su biyu. Can ƙasa-ƙasa, kamar sauro a cikin tulu, wani ɗan zuuu yake fita.

Tartsatsi, da ya shigo tun da ya hango ta, ya dafe ginshiƙi. "Tsoho! Ka ɗaure wa waya baki!"

"Ta ramukan nan magana ke fita, Baba," in ji Malama. Muryarta na rawa, ba a san kuka ne ko dariya ba. "Wannan na sama shi kake karawa a kunne, wannan ƙaramin shi ke ɗaukar muryarka. A ciki akwai wani siririn abu kamar kyalle da ke tare ruwa, mai shagon ya nuna min. Kumfar da ka gani iskar bakin ramin ce kawai."

"Garin neman gira," Tartsatsi ya fara.

"Kai kuma ina taka wayar?"

Ya sosa ƙeya. "Ta je kallo, Malama, ruwa ya ci ta."

Ta sa farce ta ɓanɓare facin ƙasa. Da ƙyar ya fita, don aikin Baba Faci ba ya ɗagowa da wasa. Gam ya cika ramukan ya daskare. Tartsatsi ya kawo siririyar waya ya tsokale, abin ya fito har da guntun kyallen da ta faɗa. Ta sake kira. Wannan karon ta yi kuka, amma a shaƙe, kamar zakaran da mura ta kama.

"To," in ji Tartsatsi, "da faci ba ta magana, ba faci tana shan ruwa. Zaɓi ya rage naku."

Baba Faci bai yi dariya ba. Ƙafarta yake kallo, wadda ba takalmi, da ɗan jini a babban yatsa inda wani abu ya yanke ta. Ya tashi ya ɗebo ruwa mai kyau a buta, ya tsugunna ya wanke mata taɓon, tana cewa ya bari yana ƙi. Ya cire silifansa ya tura mata.

Sannan ya miƙe ya kashe injin iska. Ya fara tattara ƙarafunan cire taya yana zuba su a akwati. Ya rufe gwangwanin gam. Ya fita cikin yayyafi ya mirgino tayoyin bakin titi ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, me kake yi?"

"Kin kira ban ɗauka ba. Mun yi da ke." Ya ciro zoben makullan rumfa da ɗaki daga wuyansa ya ɗora mata a cinya. "Ba cuta na so yi ba, Mamana. Tsoro na ji kar ta mutu ranar da kike nemana. Ga shi na kashe ta da hannuna. Yaro, injin nan ka riƙa tada shi lokaci-lokaci, kar ya yi tsatsa."

Tartsatsi ya juya yana gyara tabarau a goshi.

Malama ta daɗe tana juya makullan. Ta dubi durom ɗin, da tif ɗin da ya bari yana yawo a kan ruwa bai gama dubawa ba.

"Tif ɗin waye wancan?"

"Na wani mai babur ne. Gobe zai zo."

"To wa zai ba shi?"

Ya dubi tif ɗin.

Ta zare makullin ɗakin baya daga zoben ta jefa a jakarta, ta miƙa masa na rumfar. "Kwana dai ka gama yi a nan, Baba, wannan ba ciniki. Yau za mu kwashe kayanka. Da safe in zan tafi makaranta mu fito tare in sauke ka, in an tashi in biyo in ɗauke ka."

"In an tashi? Mamana, ai da yamma ake samun aiki, lokacin da masu..."

"In an tashi."

"Ki ƙara min ko zuwa la'asar."

"Ka ga ƙafata?"

Ya ga ƙafarta. Ya karɓi makullin ya mayar wuya.

"Kuma wayar nan a aljihunka za ta zauna, da muryarta ta mura. In ka sake kai ta kusa da durom ɗin nan, ni da kai ne."

"Ai yanzu ba ta gwaduwa," ya ce a hankali. "Huda gare ta ta gaske."

Dariyar da ta riƙe tun ɗazu ta ƙwace mata, har tana share ido da jiƙaƙƙen mayafi. Tartsatsi ya tafi nemo mai kura da zai ɗauki katifa, yana faɗin shi dai wani ya biya shi wayarsa, ba wanda ya kula shi.

Abin da aka rasa a ranar: wayar Tartsatsi, ba ta ƙara tashi ba. Muryar sabuwar waya, da garantinta, da kyallen da ke tare mata ruwa. Takalmin Malama ƙafa ɗaya, da darasin bayan hutu na 'yan ajinta. Baba Faci kuma ya rasa ɗakin bayan rumfa, da aikin yamma na kowace rana.